Koriyar Wayar da Na Bari a Burutu

Potiskum,
Alhamis, 15 ga Maris, 1956.

Zuwa ga ƙanena Ayuba, Autan Inna, a bakin kwatar Lakwaja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai tarin yawa daga yayanka Idrisu, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka tsaye da ƙafafunka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi baki ɗaya. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa, Ya kai mu azumin da ke tafe da rai da lafiya. Mu nan gida sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafar nan, har ta koma ɗan zagayenta na unguwa, sai dai zafin bana ya hana kowa sakat, rijiyar bayan gida ta ja baya har sai da muka ƙara wa guga igiya gaba biyu. Maiɗakinka Ummuhani tana nan lafiya, cikin ya shiga wata na bakwai. 'Yarka Hadizatu kuwa baki ya buɗe, duk motar da ta ji ta tsaya a tasha sai ta ruga zaure ta ce Baba ne ya dawo.

Na san tangarahon da na buga maka ran Litinin ya riga wannan takarda isa, na kuma san ya ɗaure maka kai, tun da abin da ke cikinsa kawai shi ne kada ka shiga ruwa, kada ka taɓa butar, a kashe wutar jirgi. To ga bayanin. Takardarka ta iso ran Asabar da hantsi, masinjan gidan waya ya kai mini ita gareji. Na wanke hannu na kawo ta gida, muka zauna a inuwar ɗakin Inna ina karantawa kowa na saurare. An sha dariya a kan Baturen da kake yi wa girki, wanda ba ya iya cin barkono, an yi mamakin akwatin nan da ka ce yana yin ƙanƙara cikin wannan zafi, Inna ta ce ita dai ba za ta yarda ba sai ta gani da idonta. Sai na zo wurin da ka ce butar shayin jirginku mai aiki da lantarki tana gaishe ka kowace safiya, da ka kama mariƙinta sai ka ji yarr har gwiwar hannu, har abokanka sun laƙaba mata suna Amarya. Aka sake fashewa da dariya. Na ci gaba, na zo inda ka ce tun da kogi ya janye aka ɗaure jirgin a kwata aka jawo masa wuta daga injin kamfani, kullum da la'asar kukan faɗa ruwa ku yi wanka a gindinsa, kuma akwai wani wuri ta bayan jirgin da ruwan ke yi wa mutum cakulkuli, inda kukan tarar da ƙananan kifaye sun taso ciki sama, ku kwashe ku soya. Auta, a nan na tsaya. Na naɗe takardar na ce sauran duk gaisuwa ce, na tashi na fita ko hula ban ɗauka ba.

Na isa gidan waya na tarar an rufe, wai ran Asabar rabin yini ake yi. Na bi akawun har gidansa, aka ce ya tafi Damagum suna, sai Lahadi da yamma. Tun daga wannan lokaci ban san zama ba. Na koma gareji na kwance dainamon wata mota na mayar, na sake kwancewa don na manta ko na ɗaure shi daidai. Na je tasha sau uku ina tambayar motar Jos, ina lissafin kwanakin da zan yi kafin in sami jirgin ƙasa zuwa Makurɗi, daga can kuma in nemi abin da zai gangara da ni Lakwaja, na ga ko yaya na yi tangaraho zai riga ni. Ran Lahadi da aka kira la'asar ina cikin sahu, amma zuciyata na bakin kwatarku, ina cewa yanzu ya tuɓe riga, yanzu ya hau gefen jirgi. Ban san raka'a nawa muka yi ba. Fanne, matata, ta ajiye mini tuwo ta ɗauke shi yadda ta kawo. Ran Litinin ni na fara tsayawa a ƙofar gidan waya tun ba a share ba.

Dole in gaya maka abin da na shekara bakwai ina ɓoyewa, don na san halinka, in ba ka ji dalili ba dariya za ka yi ka ce Yaya ya fara tsufa. Ka tuna Babaji na Gadaka, abokina, wanda yakan sauka a zaurenmu duk ran kasuwar shanu, ya saɓa ka a kafaɗa ya zaga da kai cikin garke kana ihu. Ni na ja shi Kudu. Bayan na shekara biyar a jiragen kogi na zo ganin gida da agogo a hannu, ya ce shi ma ba zai zauna ba, na kai shi aka ɗauke shi aikin igiya da wankin jirgi a wanda nake ciki. Abin da kuka ji, kai da Inna da mutanen Gadaka, shi ne ruwa ya ci shi a Burutu. Ni na kawo labarin, ni na kawo jakarsa. Ban yi ƙarya ba, a ruwa ya rasu. Amma ban faɗi gaskiya ba.

A shekarar da abin ya faru, ta tara da fara aikina a kogi, ina mataimakin injiniya. Kamar yadda aka yi wa naku, mu ma in jirgi ya kwanta a kwata aka kashe injinsa, sai a jawo masa wuta daga tudu da kakkaurar igiyar nan ta roba da ake kira kebul. Wata rana da iska, jirgi ya matse kebul ɗin a jikin kwata ya tauna shi, wuta ta ɗauke. Injiniyanmu, wani dattijo mutumin ƙasar Gwalkwas, yana kwance da zazzaɓi. Kyaftin ya fito yana zuba gumi yana faɗa, fankarsa ta tsaya, namansa zai lalace a firiji, ya ce ba ni ne mataimaki ba, me nake jira. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, ina so a san ɗan Potiskum ya iya. Na kashe wutar daga tudu, na yanke inda ya lalace, na feɗe robar. A ciki waya uku ce, ja da baƙa da koriya. Na haɗa ja da ja, baƙa da baƙa. Da na zo kan koriyar sai na ga ta gaza, ba ta kai ba da kamar tsawon yatsa. In zan gyara sai na sake yanke sauran biyun na faro daga farko, ga rana, ga Kyaftin tsaye a kaina. Na kuma sha ganin fitila ta kama, fanka ta juya, ba tare da koriyar nan ba, har na ɗauka ado ce Turawa suka ƙara. Na lanƙwashe ta, na naɗe wurin da baƙin tef, na kunna. Fanka ta juya. Kyaftin ya dafa kafaɗata, Babaji ya yi ta yi mini kirari a gaban mutane.

Kwana uku komai na aiki. A cikin kwanakin nan ne masu wankin jirgi suka fara cewa ƙarfen gefen jirgi yana cizo in hannu da lema, muka mai da abin wasa, ana tura sabon zuwa ya taɓa a yi masa dariya. Muka ga kifaye suna tasowa ta bayan jirgi, kuku ya sa kwando ya kwashe, ni ma na ci. Rana ta huɗu bayan mun yi azahar, ina ɗebo ruwa sai igiyar bokitina ta kuɓuce, bokitin ya fara tafiya. Ban ce da kowa ya ɗauko ba, Allah ne shaida. Babaji ya ce in bar masa, dama zafi ya ishe shi. Ya tuɓe riga ya miƙo mini, ya yi tsalle daga gaban jirgi, ya kamo bokitin can nesa, ya ɗaga shi sama yana yi mini gwalo. Sai ya juyo, ya nufo tsanin da ke bayan jirgi. Saura kamar gaba uku ya kama tsanin, na ga ya tsaya. Bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. Idonsa a buɗe yana kallona, hannuwansa sun sandare, bokitin ya saki. Na ɗauka wasa yake, har na ce masa ya bar shashanci. Ya nutse a hankali kamar an ja shi da igiya. Wani mutumin ƙasar, gwanin ruwa, ya sauka tsanin da gudu zai bi shi, ƙafarsa na taɓa ruwa ya yi wata ƙara ya ɗare sama, yana cewa wuta, wuta a ruwa. Sai a lokacin na gane. Na diro kwata na ruga wurin akwatin makunni, ya kai taku ɗari, na tarar an garƙame shi da kwaɗo, mai riƙe da mabuɗin ya tafi cin abinci. Da ƙarfe na fasa. Kafin in kashe, kafin a yarda a shiga, kafin a lalubo shi, aikin gama ya gama. Rigarsa tana rataye a kafaɗata duk wannan gudun da na yi, ban sani ba sai da aka shimfiɗe shi.

Washegari dattijon injiniya ya taso da zazzaɓinsa ya bi wayoyin jirgin ɗaya bayan ɗaya. Ya gano famfon ruwa ne robar wayarsa ta cinye, jar waya tana taɓa ƙarfen jirgi. Ya buɗe fis ya tarar wani ya cire siririyar wayar da aka yi don ta ƙone in an sami matsala, ya sa ƙusa a madadinta, saboda wai ta cika ƙonewa. Sa'annan ya zo kan ɗaurina ya warware tef ɗin, ya ga koriyar a lanƙwashe. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya zaunar da ni ya ce wutar lantarki kullum hanyar komawa ƙasa take nema, koriyar nan ita ce hanyar da aka yi mata don in ta ɓalle ta bi ta wuce ba ta taɓa kowa ba. Da na toshe mata, sai ta bi jikin jirgi ta shiga kogi. Ya ce a ruwan kogi, wanda ba gishiri, jikin mutum ya fi ruwan kansa sauƙin bi, shi ya sa take taruwa a kansa, kuma ba ƙona shi take yi ba, gaɓoɓinsa take ɗaurewa, ya kasa iyo, ya kasa kira. Kyaftin ya rubuta a littafinsa cewa ma'aikaci ya nutse, magana ta ƙare a nan. Na ƙarasa shekarar da ƙyar na ajiye aiki. Kun yi ta tambayata abin da ya raba ni da aikin da kowa ke sha'awa na dawo ina fama da batirin manyan motoci, na ce muku sauron Kudu ne.

Yanzu ka saurare ni da kunnen basira. Gaisuwar da butarka ke yi maka, da cakulkulin ruwa, da kifayen nan, ba uku ba ne, abu ɗaya ne, kuma shi ne na gani a Burutu. Wuta na zuba daga jirginku. Ranar da takardar nan ta same ka, in ba a riga an yi ba, ka je da kanka ka ga an kashe makunnin tudu, ka nemo injiniya, ka ce ya bi kebul ɗin daga kwata har jirgi. Duk inda aka ga ɗauri da tef, ko roba ta tsage, ko wani sashe yana kwance cikin ruwa, ba gyara yake so ba, sabo yake so. A buɗe kan filogi a ga koriyar waya da ido tana ɗaure a mazauninta, ta can da ta nan. A buɗe fis a ga abin da ke ciki. Butar kuwa a ajiye ta, ka dafa wa Bature shayinsa a risho, ba zai mutu ba. In an gyara za a mayar da wuta, ka riƙe wannan tsari kamar yadda ka riƙe alwala: makunnin tudu a kashe, a fara soka bakin da ke jirgi, sa'annan na tudu, sa'annan a kunna. In za a cire kuma a fara kashewa, a zare na tudu, na jirgi ya zo ƙarshe. Kada ka taɓa ɗaukar kebul da wuta a cikinsa ka tsallaka katako da shi, in ka zame ku biyu za ku faɗa. A rataye shi sama, a bar masa ɗan sassauci don ruwa na hawa yana sauka, kada jirgi ya ja shi ko ya tauna shi. Kuma ka san inda makunnin tudun nan yake, ka ƙidaya takunsa daga jirgi, ka san wa ke riƙe da mabuɗi, in da hali a bar shi ba kwaɗo muddin wuta na kunne. Wannan kwaɗon har yau ina jin nauyinsa a hannuna.

Ɗakin girkinka ma ina tunaninsa, don na san yadda yake, ƙasa ƙarfe, kullum a jiƙe, kai kuma tun kana yaro ba ka son takalmi. Ka sayi na roba ka sa. Kada ka taɓa makunni ko filogi da ɗanyen hannu, ka goge tukuna ko da Bature na ƙwala maka kira. Ka ce kakan yi wa maigidanka guga a nan kusa da murhu. Kada ka haɗa dutsen guga da buta da murhun lantarki a soket ɗaya, waya tana da iyakar abin da za ta ɗauka, in ta gaji zafi take yi a ɓoye cikin bango. In ka taɓa filogi ka ji ɗumi, ko ka ji warin roba, ka kashe ka kira injiniya. In fis ya ƙone sau biyu, magana yake yi maka, ba ƙusa yake nema ba. In kuwa wuta ta tashi daga waya, kada ka watsa ruwa, ka kashe makunni ka zuba yashi. Amma wanda ya fi duka, wanda in ka manta sauran kada ka manta shi: muddin jirgi na jone da tudu, ba kai ba wanka a gindinsa, ko an rantse maka an gyara. Ku haura can sama da kwata inda ba jirgi. In Allah Ya kiyaye ka ga wani ya sandare a ruwa, kada ka bi shi, komai ƙaunar da kake masa, don gawa biyu za a ciro. Ka yi ihu a kashe wuta, ka jefa masa igiya ko ka miƙa busasshiyar gora. Ka tara abokan aikinka ka karanta musu wannan wurin, wanda ba ya jin Hausa a fassara masa.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce kai kuku ne, wata biyar kacal da kama aiki, ina kai ina gaya wa Bature da injiniya aikinsu. Ni ma tsoron fuskar Kyaftin ne ya hana ni sake yanke waya biyu. Ka je da ladabi, ka ce yayanka ya shekara tara a wannan kogi, ka kai injiniyan ya taɓa butar da kansa. Duk injiniyan kirki da ya ji labarin kifayen nan ba zai tsaya shan ruwa ba. In kuwa suka yi maka dariya suka ƙi, to ka ɗaure kayanka ka taho. Gareji zai ɗauke mu mu biyu, tuwon gidan nan bai taɓa gaza kowa ba. Ba zan ji kunyar a ce ƙanena ya baro aikin Turawa ba.

Akwai sauran magana. Ran Litinin da la'asar, bayan na buga tangarahon, Ummuhani ta tsaya a bayan zana ta yi mini sallama. Ka san ba ta taɓa tsayar da ni da magana ba. Ta ce Yaya, ta ƙidaya shafukan takardar da ka aiko, uku ne, ni kuma biyu da rabi na karanta, in wani abu ya sami mijinta a gaya mata. Na kasa yi mata ƙarya, na faɗa mata duk abin da na rubuta maka a sama. Ta saurara har ƙarshe. Can ta ce ita ta ji nata, za ta yi ta addu'a, amma akwai wata tsohuwa a Gadaka da ta fi ta haƙƙin jin wannan labari. Ran Talata da sassafe na hau motar masu awon dawa. Na iske Iya Mairam, mahaifiyar Babaji, a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, idonta ya yi rauni amma ta gane muryata tun daga zaure. Ta sa aka kawo mini ruwa. Ban sha ba, na durƙusa na faɗa mata, tun daga koriyar waya har bokiti. Hannunta bai daina ɓara ba har na gama. Ta tambaye ni ko ya yi azahar ɗinsa, na ce tare muka yi. Ta tambaya ko ya sha wuya, na ce ban sani ba, amma bai daɗe ba. Sai ta ture ƙwaryar gefe ta ce shekara bakwai tana jin mata a bakin rijiya, wasu na cewa giyar Kudu ya koya ta kayar da shi, wasu na cewa mutanen ruwa ne suka ɗauke shi don wani alhaki na gidansu. Ta ce ita da idonta ta ga yaron nan ya ƙetare kogin garinsu da damina, ruwa ya cika ya batse, da akuya a wuyansa, ta san ruwa kaɗai ba zai ci shi ba, amma ba ta da abin da za ta faɗa wa mutane. Ta ce wayar da na bari, wannan tsautsayi ne da ajali, amma shekara bakwai da na bar ta da bakin mutane, wannan ni na yi.

Na nemi gafara. Ta ce ba za ta ba ni amsa yau ba, don ba ta so ta faɗa da baki zuciya ba ta kai ba, in dawo bayan salla. Ta tambayi abin da ya taso da maganar yanzu, na ba ta labarin takardarka. Auta, tsohuwar nan miƙewa ta yi tsaye, ta ce to me nake yi a nan, ɗan Hawwa'u, Innarmu ke nan, na can yana wanka a cikin abin da ya kashe nata ni kuma ina durƙushe a Gadaka, in tashi in je in rubuta. Ban sami mota ba sai jiya, na biyo 'yan kasuwar shanu. Yau ban buɗe gareji ba, tun hantsi nake kan wannan takarda, na tashi na zauna ya fi sau goma, ka yi haƙuri da rubutun.

Da ka karanta ka buga mini tangaraho, kalma biyu ta isa, ka ce an gyara ko ka ce ina tafe. Kwana goma sha biyu zan jira daga yau. In ban ji ba, za ka gan ni a kwatarku.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙe salla, ba ta san komai ba tukuna, ni zan gaya mata da bakina in na ji daga gare ka. Ummuhani tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka tana so wanda ke cikinta ya ji kiran salla daga bakin ubansa ba daga bakin wan ubansa ba. Hadizatu, da Fanne da yara, da Kawu Bakari na Damagum, da Mallam Bubayaro maƙwabcinmu, duk suna gaisuwa. Ka gai da mai masaukinka na zango da iyalinsa, ka gai da abokan aikinka.

Iya Mairam ma ta ba ni saƙo gare ka, har bakin mota ta aiko a ƙara tuna mini. In ruwa ya kawo da damina jirginku ya gangara Burutu, ka nemi maƙabartar Hausawa da ke bayan zango. Ta gefen gabas akwai kabarin da na kafa wa guntuwar sarƙar jirgi a wajen kai, in tsatsa ba ta cinye ta ba. Ka share ciyawar, ka yi masa addu'a. Ta ce in ka gama ka yi masa sallama, ka ce uwarsa ta ji yadda aka yi, kuma ko rana ɗaya ba ta taɓa yarda da abin da aka ce a kansa ba.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ni ne yayanka,
Idrisu.